Hotunan Cikin Adaka: Yadda Kyamara Ta Shigo Gidajen Sabo

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Badun da na Ikko, na Shagamu da Abekuta, har ma da na can Anacha da Fatakwal, yau so nake mu taɓa wani gefe na tarihinmu wanda ba kasafai ake ɗaukarsa a bakin komai ba, wato hotunan da iyayenmu da yayyenmu suka riƙa ɗauka da hannunsu, don sha'awa kawai, a ƙofar gida da tsakar gida da wuraren yawon Sallah. Zan fi karkata ga Sabo ta Badun, domin nan aka binne cibiyata kuma nan na fi sani, amma na tabbata duk wanda ya tashi a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Shagamu zai hango gidansu a cikin wannan bayani.

Mu dai al'umma ce wadda akasari wasu ne suka rubuta labarinta. An keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun a shekarar 1916, bayan layin dogo ya iso garin daga Ikko a 1901, ya kuma dangana da Kano a 1911. Jirgin nan shi ya canja komai, domin kuwa shanu suka riƙa gangarowa Kudu a cikin taragu, goron da manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi nomansa ya riƙa hawa Arewa a cikin huhu, kakanninmu kuma suka zauna a tsakiya a matsayin fatomai da dillalai. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo tsakanin 1962 da 1963, ya ƙidaya mutanen unguwar ya samu sun haura 4,000, ya kuma buga littafinsa a kanmu a 1969. Littafi ne mai amfani ƙwarai, ya yi bayanin cinikin bashi da amana tsakanin maigida da baƙonsa, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta game unguwar a farkon shekarun 1950 har Sabo ta ware masallacinta na Juma'a. Haka kuma akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke harabar Jami'ar Badun, wadda aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, inda takardun zamanin Turawa suke jibge. To amma takardar gwamnati haraji da rigimar sarauta ta sani, shi kuma masani tambayar da ta kawo shi yake bi. Babu ɗayansu da zai nuna maka irin ɗaurin kallabin kakarka, ko inda rijiyar gidanku take kafin a cike ta a gina shago. Wannan sai a adakar tsofaffi.

Hoto dai ya daɗe a Kudu. Tun 1895 George Da Costa yake da ɗakin hoto a Ikko, a daidai wannan zamani kuma Jonathan Adagogo Green yana ɗaukar sarakuna da 'yan kasuwa a Bonny, ya rasu a 1905 yana saurayi. A Binin an yi Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a 1942. Ka ga ke nan lokacin da kakanninmu suka sauke kayansu a Sabo, sun tarar da maƙwabta waɗanda hoto ya riga ya shiga al'adarsu, ana rataya shi a falo, ana ɗauka wajen biki da wajen mutuwa. Su kuwa namu sun zo da ɗari-ɗari. Akwai maganar hadisan da suka yi hani ga sura, akwai kuma kunya irin ta Bahaushe, wanda yake ganin tsayawa gaban wani ƙato yana leƙen akwati yana ba ka umarni ka ɗaga haɓa, zubar da girma ne ga dattijo.

Abubuwa uku ne, a iya fahimtata, suka sassauta wannan ɗari-ɗarin. Na farko tilas, wato fasfo na tafiya Makka da lasin tuƙin mota. Shi ya sa a gidaje da yawa hoton da ya fi kowanne tsufa ɗan ƙarami ne kamar kan sarki, da sawun hatimi a kusurwarsa, kuma sau da yawa shi kaɗai ne shaidar kamannin mai gidan. Na biyu hoton Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya shiga zaurukan Sabo da shagunan tela da gaban manyan motoci tun kafin rasuwarsa a 1975. Da wuya mutum ya rataya hoton Shehinsa a bango sannan ya ce hoton ɗansa haramun ne. Malaman da suka halatta kuwa suna da madogara, domin tun da daɗewa Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya yi fatawa cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, kamar abin da madubi yake yi, ya bambanta da sassaƙa. Na uku, wanda ya fi ba ni sha'awa, shi ne hoton aikawa gida. Yaro ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano ko Katsina ko Sakkwato shekara biyar, mahaifiyarsa ba ta san ko ya yi ƙiba ko ya rame ba. Sai ya ari babbar riga wurin ɗan ɗakinsu, ya ari agogo, ya je ya zauna a gaban labulen mai hoto, a wanke a sa a ambulan a ba direban motar goro ya kai. Tsofaffinmu suna ba da labarin riga ɗaya da ta fito a hoton samari kusan goma, aka aika ta garuruwa daban-daban, kowace uwa tana nuna wa maƙwabta cewa ɗanta ya samu a Kurmi.

Masu ɗaukar nan kusan duk Yarbawa ne, sai tsirarun Inyamurai. Akwai masu ɗakin hoto, akwai kuma na bakin titi masu akwatin katako mai ƙafa uku, waɗanda ake kira tsaya-ka-karɓa. Shi wannan akwatin kyamara ne kuma ɗakin wanki ne a lokaci guda. Mai hoton zai buɗe murfin ido ya ƙirga a ransa ya rufe, ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinka a jikin akwatin, ya wanke takardar a ciki, ta fito baƙi a wurin fari, fari a wurin baƙi. Sai ya kafa wannan dodon hoton a gaban kyamarar ya sake ɗaukarsa, sannan kamanninka na gaskiya su fito. Wani Ba'amurke mai suna Stephen Sprague ya yi nazarin masu hoton garin Ila-Orangun a 1975, ya bayyana irin zaman da Yarbawa suke so a hoto: a fuskanci kyamara sosai, hannuwa a kan gwiwa, jiki duka ya fito har takalmi, fuska ba dariya. Duk wanda ya duba hotunan kakanninmu zai ga irin wannan zaman ne sak, sai dai an canja agbada da babbar riga da rawani. Wato hatta yadda muke tsayawa gaban kyamara a wurin maƙwabta muka koya.

Sai dai hoton ɗakin hoto bai san unguwa ba. Bayanka labule ne da aka zana benaye ko jirgin sama, ƙarƙashinka leda ce mai gida-gida. Ba ya nuna inda kake kwana, ya fi nuna inda kake fatan zuwa. Kuma mafi muhimmanci, matan aure ba sa zuwa can. Sabo unguwar kulle ce, Cohen ma ya rubuta hakan, mata suna sana'arsu daga cikin gida ta hannun 'yan talla. Saboda haka in ka tara hotunan Sabo na kafin samun 'yancin kai, sai ka rantse garin maza ne zalla da 'yan yara ƙalilan.

Ƙaramar kyamara ta hannu ita ta warware wannan. Kamfanin Kodak na Amurka ya fito da Brownie tun 1900 a kan dala ɗaya, da nufin kowa ya iya ɗaukar hoto ba sai gwani ba, amma ta ɗauki shekaru kafin ta zo hannun talakan Najeriya. Shahararren mai hoton nan J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi aiki a nan Badun a ma'aikatar watsa labarai daga 1954 kafin ya koma Ikko, da Brownie ya fara a 1950, kuma fam biyu ya saye ta. Fam biyu a lokacin kuɗi ne da mai dakon goro zai daɗe bai tara ba. Don haka waɗanda suka fara riƙe kyamara a cikinmu su ne direbobin manyan motoci, da ma'aikatan reluwe, da sojoji, da 'yan makarantar boko, waɗanda a Sabo ta wancan lokaci ba su da yawa. A 1963 Kodak ta fito da Instamatic, wadda ake jefa mata fim a cikin ɗan kwanso a rufe kawai, ba ruwanka da zare fim a cikin duhu. A 1972 aka fito da 'yar siririya mai fim lamba 110, wadda take shiga aljihun kaftani. Ita ce ta cika gidajenmu, domin zuwanta ya dace da zamanin kuɗin mai. Bayan rahoton Udoji na 1974 albashi ya tashi, kuɗi ya yi yawa a hannun jama'a, nama ya yi kasuwa, mahauta da dillalan kara suka ji a jikinsu. Aikin Hajji ya buɗe, har a 1977 alhazan Najeriya suka haura 100,000. A cikin tsarabar Makka, tare da dabino da zamzam da bagaruwa da rediyo mai kaset, sai ga kyamara. Yara ma ba a bar su a baya ba, ana kawo musu 'yar kyamarar roba wadda in ka leƙa ka danna sai hoton Ka'aba ya juya zuwa na Madina. Da yawanmu ita ce kyamarar farko da muka fara riƙewa.

A gidanmu kawuna ne mai kyamara, ƙanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa. Kuma a nan ne sirrin yake. Mai hoton kasuwa iyakarsa zaure, shi kuwa Kawu muharrami ne, yana ratsa soro ya shiga har tsakar gida ba mai ce masa kanzil. Shi ya sa a albam ɗinsa ake ganin abin da babu shi a kowace ma'ajiyar gwamnati. Ga Inna a bakin murhu tana tuƙa tuwon sayarwa a babbar tukunya, ta kare fuska da gefen mayafi tana dariya. Ga 'yan mata uku sun jeru ana yi musu kitso, ɗaya ta zumɓura baki. Ga ɗakin wata amarya, gado mai rumfa, jeren kwalla da fanteka da langa tun daga ƙasa har rufi, wanda duk wanda ya san abin zai iya ƙiyasta arzikin uwar amarya daga yawan jeren. Ga ranar suna, mata sun yi anko, kuma in ka lura da kyau sai ka ga biyu daga cikinsu ɗaurin gwaggwaronsu na Yarbawa ne, maƙwabtanmu ne daga Mokola da suka shigo barka. Wannan hoton na ƙarshe ya fi mini dogon jawabi a kan zaman tare, domin babu wanda ya shirya shi. Kawu so yake ya ɗauki mai jego, su kuwa matan Allah ne Ya sa suna wurin.

Ta fuskar gwaninta, gaskiya hotunan nan ba su da wani kyau. An yanke kan wani, yatsan mai ɗauka ya rufe kusurwa, idanu sun yi ja saboda filasha. Dodon fim ɗin 110 bai fi farcen babban yatsa ba, don haka da an ƙara girman hoton sai ya yi dishi-dishi. Filashar ma wani ɗan dunƙule ne mai fuska huɗu, kowace fuska walƙiya ɗaya, in ta ƙare sai a sayi wani. Fim kuma ƙidayayye ne, 12 ko 24, in an yi ƙoƙari 36. Shi ya sa ba a danna kyamara a banza. Fim ɗaya yakan fara da ƙaramar Sallah ya ƙare da babba, wani lokaci har jaririn da ke hoton farko ya fara rarrafe a na ƙarshe. In an kai wanki sai a yi kwanaki ana jira, ranar da aka karɓo kuwa gida ya cika, ambulan yana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, Gwaggo tana faɗa a daina taɓawa da hannun miya.

Yawon Sallah shi ya cinye rabin fim ɗin kowane gida. Bayan an sauko daga Idi an ci tuwo, washegari sai a cika mota da yara. Wuri na farko gidan namun daji na Jami'ar Badun, inda kowa yake son a ɗauke shi a gaban kejin goggon birin nan mai suna Haruna. Jama'a, duk yaron Sabo da aka raɗa wa Haruna a wancan zamani ya sha tsokana. Daga nan sai lambun Agodi, wanda aka buɗe a 1967. Sai Cocoa House a Dugbe, mai hawa 26, wanda aka gama a 1965, inda mai ɗauka yake ja da baya har ya kusa faɗawa titi don ginin ya shiga, mutanen kuma su fito ƙanana kamar tururuwa. Masu ƙarfin gwiwa su hau hasumiyar Bower a kan dutsen Oke Are, wadda aka gina a 1936, su ɗauko jajayen rufin kwanon Badun daga sama. 'Yan uwanmu na Agege da Obalende su kuma bakin teku suke nufa, wato Bar Beach, a hau doki a ɗauki hoto, ga Hajiya ta tattare zani tana gudun igiyar ruwa. Bayan bikin FESTAC na 1977 sai babban gidan wasa na Iganmu ya shiga jerin, wanda aka gina da siffar hular soja.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga wuraren nan sun canja ko sun ɓace. Ambaliyar Ogunpa ta ranar 31 ga Agustan 1980 ta lalata lambun Agodi, ya daɗe a yashe kafin a sake gyara shi a 2014, kuma wanda yake nan yanzu wani abu ne daban. Cocoa House ya yi gobara a Janairun 1985. Kantin Kingsway na Dugbe, inda ake tsayawa a ƙofa a ɗauki hoto ko da ba a sayi komai ba, ya zama labari. Bar Beach kuwa babu ita, an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic a kai. Wanda duk yake da hoton iyalinsa a ɗaya daga wuraren nan, to yana riƙe da tarihin garin ne, har da na masu garin.

Ni a yanzu in na ɗauki tsohon hoto, bayan mutanen nake fara dubawa. Can ne ake ganin kwata a buɗe, da katangar ƙasa kafin a yi ta bulo, da famfon unguwa yana zuba, da allon makarantar allo a jingine, da keke Raleigh ko Vespa a ƙofar gida. Can ne kuma ake ganin yadda muka bazu. Da Sabo ta cika, sai mutane suka fara sayen fili a Ojoo da Shasha da sauran bakin gari, kuma kusan kowa ya ɗauki hoto a filinsa ranar da aka kafa harsashi: mutum tsaye da malafa, gefensa tulin bulo, bayansa daji da itatuwan kwakwar manja. Yau in ka je wurin ko inda za ka ajiye babur babu. Haka hotunan kasuwar Bodija a farkonta, bayan buɗe ta a 1987, rumfuna tsilli-tsilli da fili fetal.

Bayan hoton ne kuma yake taimakawa wajen gane shekararsa, tunda iyayenmu ba su damu da rubuta kwanan wata ba. In motoci suna bin hannun hagu, to kafin Afrilun 1972 ne, lokacin da ƙasar ta koma tuƙin dama. In allon shago ya nuna farashi da sule da fam, to kafin Janairun 1973 ne da aka fito da naira. In an ga sunan Jihar Oyo a jikin wani allo, to daga 1976 ne zuwa sama. Tsarin lambar mota irin na yanzu a 1992 ya fara. Wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu da tulin suma, waɗannan na samarin shekarun 1970 ne, kuma ina roƙon dattawanmu na yau masu farin gemu su yi haƙuri, mun gan su. Amma kada a yarda da jan kwanan watan nan da kyamarorin shekarun 1980 suke bugawa a kusurwa, sai an gwada shi da wata shaida, domin da yawa ba a taɓa saita agogonsu ba tun da aka fito da su daga kwali.

Wannan zamani na kyamara a kowane gida bai yi tsawo ba. Da aka shigo da tsarin SAP a 1986 aka karya darajar naira, fim da takardar wanki, waɗanda duk daga waje ake kawo su, suka yi tsada. Dakunan wankin hoto mai kala irin su Fototek suna nan suna aiki, amma magidanci mai 'ya'ya goma ya fara lissafi. Sai kyamarori suka koma ƙasan adaka, aka koma dogaro da masu hoton biki, waɗanda suke zuwa ba gayyata, su ɗauka, su ruga su wanko, su baza a kan tabarma kafin a watse, kowa ya nemi fuskarsa ya biya. Daga baya mai bidiyo ya shigo ya ƙwace rabin kasuwar. Illar ita ce hoto ya koma na ranar kwalliya kaɗai. Tsakar gida ta ranar Talata, da wanke-wanke da tsinken tsintsiya, ta sake fita daga tarihi.

A cikin shekarun nan ne kuma wa'azi a kan hoto ya yi zafi, har wasu gidaje suka sauke na bango, wasu ma suka haɗa albam suka cinna masa wuta. Ba zan shiga hurumin malamai ba, saɓani ne da ya daɗe kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Ra'ayina dai shi ne, tsakanin ratayawa a bango da ƙonawa akwai adaka, kuma da an tsaya a nan da an huta. Na san gidan da yau jikoki suke bin dangi ɗaya bayan ɗaya suna neman ko da hoton fasfo na kakarsu, ba su samu ba.

Sai kuma zamanin waya. An fara GSM a Najeriya a Agustan 2001, ba a daɗe ba wayoyi masu kyamara suka shigo, kasuwar fim ta mutu murus, har ita kanta Kodak ta nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a Janairun 2012, duk da cewa injiniyanta ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975. Abin mamaki shi ne, a gidaje da yawa an fi samun hotunan shekarun 1970 a kan na shekaru goman farko na zamanin waya. Na da suna kan takarda. Na baya kuwa sun tafi tare da wayar da aka sace a tasha, da katin memori da ya lalace, da faifan CD da ya kakkarce, da kwamfutar shagon da aka rufe. Yau muna ɗaukar hoto ɗari a wuni ɗaya, amma ƙalilan ne suke wanke ko guda.

Na takardar ma ba su tsira ba. Kurmi ƙasar danshi ce, fuskar hoto kuma da wani abu mai kama da ƙaro aka yi ta, da ta sha laima sai ta manne da gilashin firam ko da 'yar uwarta, ta yi fumfuna. Hotunan kala na shekarun 1970 duk sun koma ja-ja, saboda launin shuɗi-kore da ke cikinsu shi yake fara kodewa. Albam ɗin nan mai gam da ledar rufi, wanda aka yi yayinsa, gam ɗinsa yana cin bayan hoto. Ga gara, ga ambaliya irin ta 1980 da ta Agustan 2011. Ga rabon gado, inda ake ƙirga gida da shago da kwanuka amma ba wanda yake tambayar albam, sai gwauruwar ta tafi da shi Arewa, can kuma babu wanda ya san mutanen da ke ciki. Sannan ga wadda ta fi ciwo, wato wuta. Rikicin Shagamu na Yulin 1999, da na Ketu a ƙarshen shekarar, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, da na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, duk an yi asarar rayuka da gidaje, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar albam.

Kuma a irin waɗannan lokuta ne ake jefo mana tambayar nan ta yaushe kuka zo. Mai karatu ya san matsalar takardar shaidar asali: yaron da aka haifi kakansa a Sabo, a nan a ce masa baƙo ne, in ya je garin da ake ce masa nasu ne a Arewa a ce ba a san gidansu ba, har a yi masa dariyar karin harshensa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan matsala ta ɗan ƙasa da baƙo a 2006, kuma adalci ne mu faɗa cewa abin da ake yi mana a nan, shi ake yi wa jikokin Yarbawa da Inyamurai a Sabon Garin Kano. Hoto ba zai ba ɗanka gurbin karatu ba, kuma ba takardar fili ba ne. Amma yaron da ya ga kakansa tsaye a ƙofar gidan da yake kwana a ciki yau, motoci a bayansa suna bin hannun hagu, wannan tambayar ba za ta girgiza shi kamar wanda bai gani ba.

Abin da ya fi gaggawa yanzu sunaye ne. Tsofaffin da za su kalli hoto su ce wannan wance ce 'yar wane, a gidan wane aka ɗauka, shekarar da aka yi kaza, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki albam a kai wa Hajiya Kaka da rana tsaka lokacin da ido yake gani, a kunna rikodar waya, a bar ta ta yi ta zuba, domin hoto ɗaya yakan jawo labarin gida uku. A rubuta sunayen a bayan hoton da fensir mai taushi, kada a yi da biro, tawadarsa tana ratsawa. Kada a kai tsohon hoto a manne shi da leda mai zafi irin ta katin shaida, domin ba ya ɓaruwa kuma zafin yana ɓata shi. Wanda ya manne da gilashi a bar shi a haka, a ɗauke shi da waya ta saman gilashin a inuwa, ba filasha. In da hali a kai a yi sikanin, ƙananan a kan 600 dpi, a kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a nan, ɗaya wurin dangi a Arewa. Dodon hoto in an same shi a cikin ambulan kada a yar, ya fi takardar riƙe bayani, kuma ana iya fitar da sabo daga jikinsa.

Hotunan cikin gida kuwa a yi hattara da su. Matan nan sun saki jiki ne saboda ɗan uwansu ne yake riƙe da kyamarar, wasu ba mayafi, wasu da ɗaurin ƙirji a bakin murhu. Amanar da ta shigar da kyamara tsakar gida tana nan a kan wanda ya gaji albam ɗin, don haka kafin a tura irin waɗannan a WhatsApp ko Facebook, a nemi izinin mai hoton in tana raye, in ta rasu a tambayi 'ya'yanta. Na ƙofar gida da na kasuwa da na yawon Sallah su ne za mu iya tarawa wuri ɗaya, kowane gida ya kawo biyar ko goma da sunayensu a rubuce, a yi kwafi a mayar wa masu su da nasu a ranar, a ajiye kwafin a fadar Sarkin Sabo ko a ɗaya daga makarantun Islamiyyar unguwa inda yara za su riƙa gani.